Jiragen Yaƙin Amurka a Sararin Ƙasar Kano

Manomin da ke ban ruwa yau a gonakin shinkafa da tumatir na Kura da Bunkure, la'alla bai taɓa jin cewa tun kafin a kammala madatsar Tiga a 1974, sa'ad da Kura ta shahara da marina da turkuɗi, manyan jiragen yaƙin Amurka sun riƙa ratsa sararin ƙasar Kano a kan hanyarsu ta zuwa fagen fama ba. Dalili kuwa shi ne, a zamanin Yaƙin Hitila tekun Bahar Rum ya zama tarkon ajali, saboda haka jirgin da ya taso daga Amurka sai ya gangara Barazil, ya ƙetare teku zuwa Ankara ta Gwalkwas, ya fuskanto Kano ta kudu maso yamma, wato ta ɓangaren Kura, ya sha mai, kana ya wuce Maiduguri da Alfashir da Khartum, har Masar ko Indiya. Kamfanin Pan American ne ya shirya zangunan a 1941, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga bisani soja suka karɓa.

Ɗaya daga cikin waɗannan jirage, wanda ake kira B-24, inji huɗu gare shi, mutum goma kuma ke cikinsa bisa galibi: matuƙa biyu, da mai lissafin hanya, da mai sakin bom, da mai waya, da makanike, ragowar maharba ne. Akasarinsu samari ne 'yan shekara ashirin da ɗoriya, waɗanda jarrabawarsu ta fari ba Jamus ba ce, hazon hunturu ne da ke ɓoye filin sauka, da zazzaɓin cizon sauro.

A ganina, wanda ya fi cancantar tausayi shi ne maharbin da ke can wutsiyar jirgi, shi kaɗai, a takure, babu halin miƙe ƙafa tsawon sa'o'i, alhali kuwa a can sama iska ba ta isar numfashi sai da bututu a fuska, sanyi kuma yakan kai matsayin da in mutum ya tuɓe safar hannu ya taɓa bindiga, fatarsa ta manne da ƙarfen.

Cikin waɗanda suka bi wannan tafarki na Afirka har da rundunar Kanar Halverson, wadda a watan Yuni 1942 ta tura jirage 13 daga Masar suka far wa matatun man Ploesti a Romaniya, inda Hitila ke samun kaso babba na mansa. Ɓarnar da suka yi ƙalilan ce. Da aka sake komawa ranar 1 ga Agusta 1943, jirage fiye da 170 suka tashi daga Bangazi ta Libiya, suka bi ƙasa-ƙasa don kada a hango su, amma Jamusawa suna cikin shiri. Fiye da jirage 50 ba su dawo ba, kuma kimanin mutum 300 suka halaka a wuni guda.