Abin da ya kamata ku sani: yadda kwamfuta ke hango halin mai da gas a bututun ƙarƙashin teku

Daga Funtuwa ko Malumfashi zuwa bakin teku tafiyar yini guda ce cur a mota, wani lokaci har da kwanan hanya. Don haka idan kun ce ina ruwan mai noman masara da auduga da abin da ke faruwa a ƙasan teku, ba za a ga laifinku ba. Sai dai kaso mai tsoka na kuɗin da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi duk wata daga mai yake fitowa, kuma wani babban sashe na man Najeriya a yau daga rijiyoyin tsakiyar teku ake haƙo shi. Kafin a shimfiɗa ko da taku ɗaya na bututun da zai ɗauko shi, sai an fara gwada aikin gaba ɗaya a cikin kwamfuta.

Me ke gudana a cikin bututun?

Mutane da yawa na zaton ɗanyen mai zalla ne ke fitowa daga rijiya. Ba haka ba ne. Abin da ke tasowa cakuɗe ne na mai da iskar gas da ruwan gishiri, wani lokaci har da yashi. A tudu ana iya raba su kusa da bakin rijiya. A ƙasan teku kuwa yawanci dole a haɗa su a bututu ɗaya, su yi tafiyar kilomitoci kafin su kai inda za a tace kowane daban.

Duk wanda ya taɓa ban-ruwa da inji a fadama ya ga ƙaramin samfurin wannan matsala da idonsa. Idan bakin mesar da ke zuƙo ruwa ya ɗan fito sama, ko ɗaurin roba ya saki, iska ta shiga, sai injin ya canza murya. Ruwa ya tsaya, mesa ta yi tari, ta fesar da iska, can kuma sai ruwa ya zo da ƙarfi har mesar ta yi zillo ta ɓata kunya. Abu biyu ne, ruwa da iska, ke kokawar hanya ɗaya, kuma kowane da nauyinsa da saurinsa.

A bututun mai ma haka abin yake, sai dai girman ya wuce misali. Wani lokaci mai da ruwa kan kwanta a ƙasa gas ya bi ta sama lafiya lau. Wani lokaci gas ya yi sauri har ya farfasa man ya zama feshi. Mafi muni shi ne lokacin da ruwa da mai suka dunƙule suka toshe faɗin bututun gaba ɗaya, suna tafiya gungu-gungu, gas na bin su a baya yana turawa.

Ku ɗauki filin mai na Bonga, wanda kamfanin Shell ya fara haƙo mai a cikinsa a 2005. Yana da nisan kilomita 120 daga gaɓar tekun Neja Delta, kuma zurfin ruwan wurin ya haura mita 1,000. Bututu kan bi ƙasan teku daga rijiyoyi, sannan ya miƙe sama zuwa wani katafaren jirgin ruwa da ke girke wuri guda yana karɓar man. A gindin wannan hawa ne rigimar ta fi ƙamari. Idan gudun ya ragu, mai da ruwa kan taru a gindin su tare wa gas hanya. Gas ya yi ta taruwa a baya, matsinsa na ƙaruwa, a sama kuma ba a ganin komai. Ana nan sai matsin ya fi ƙarfin nauyin abin da ya tare shi, ya watso shi sama a lokaci guda. Tankunan da ke jirgin suna iya cika su tumbatsa, na'urorin tsaro su kashe aiki. Bayan haka kuma sai a koma taruwa daga farko.

To ina ruwan zafi da sanyi?

Mai kan fito daga cikin ƙasa da zafinsa, sau da yawa sama da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. Amma ruwan da ke kewaye da bututun a zurfin mita 1,000 yana wajen digiri 4 ne kawai, ko da kuwa a tekun ƙasashe masu zafi irin namu ne, domin rana ba ta kaiwa can. Tun daga bakin rijiya ruwan tekun ke zuƙe zafin man, kuma sanyin kan haifar da cuta iri biyu.

Ta farko kaki ne, irin wanda ake yin kyandir da shi. Yana narke a cikin ɗanyen mai muddin da zafi. Da man ya huce sai ya fara daskarewa yana manne wa bangon bututun, hanya ta yi ta ƙuntata a hankali.

Ta biyu ta fi saurin ɓarna. Idan ruwa da gas suka haɗu a wuri mai sanyi da matsi mai yawa, sukan rikiɗe su zama wani abu fari mai tauri da za mu kira ƙanƙarar gas. Ba ƙanƙarar da kuka sani ba ce, wadda sai sanyi ya kai sifili take samuwa. Wannan, saboda matsi, tana iya haɗuwa ko da zafin ya kai digiri 15 ko fiye. Tun a 1934 wani masani mai suna Hammerschmidt ya gano ita ce ke toshe bututun gas a Amurka lokacin sanyi. A 2010, da rijiyar kamfanin BP ta fashe a tekun Mekziko, an sauke wani ƙaton murfin ƙarfe don a tare man da ke malala, amma ƙanƙarar gas ta toshe shi, dole aka janye shi gefe.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne idan aiki ya tsaya. Mai ya daina gudu, babu sabon zafi da ke shigowa, matsi kuma yana nan. Daga nan an fara ƙidayar awanni. Idan toshewar ta riga ta samu, cire ta kan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma idan aka yi garajen rage matsi ta gefe ɗaya kawai, dunƙulen na iya ɓallewa da gudun da zai fasa bututu.

Yaya kwamfuta ke hango duk wannan?

Ba duba take yi ba, lissafi ne. Injiniya zai zana bututun a cikin manhaja, wato shirin da ke gaya wa kwamfuta abin da za ta yi, ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ɗaruruwa ko dubbai. A kowace gunduwa manhajar na yin tambaya uku. Nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa ya rage a ciki? Wane ƙarfi ke tura abin gaba, wane ke jan sa baya, tsakanin matsi da nauyi da gogayya da bango? Zafi nawa ya tsere ta jikin ƙarfen zuwa teku? Tana amsa su ga mai daban, ga gas daban, ga ruwa daban, sannan ta matsa gaba da ɗan ƙanƙanin lokaci ta sake lissafin daga farko. Haka za ta yi ta yi har ta nuna abin da zai faru cikin awa ɗaya, ko kwana uku, ko bayan shekara goma.

Kafin ta fara sai an ciyar da ita bayanai: sakamakon awon man rijiyar a ɗakin gwaji, taswirar tudu da kwarin ƙasan tekun, faɗin bututun da kaurinsa, da irin rigar riƙe zafi da aka sa masa. Daga nan injiniya zai yi ta jefa mata tambayoyi. Idan wuta ta ɗauke a jirgi, awa nawa muke da su kafin ƙanƙara ta fara? Idan aka rufe rijiya biyu, gungu zai taso?

Manhajar da ta fi shahara a wannan aiki sunanta OLGA. A ƙasar Norwe aka ƙirƙire ta a farkon shekarun 1980, kuma yanzu tana hannun kamfanin SLB. Irin wannan lissafi ne ya ba Norwe ƙwarin gwiwar turo gas da ruwansa ba tare da tacewa ba daga filin Snøhvit zuwa tudu, tafiyar kilomita 143 a ƙasan teku, tun daga 2007.

Za a iya amincewa da amsarta?

Da sharaɗi. Dokokin lissafin tabbatattu ne, amma yadda mai da gas ke cuɗanya da juna ya fi ƙarfin a lissafa shi daki-daki a bututu mai tsawo. Saboda haka akwai wuraren da manhajar ke dogaro da abin da aka auna a zahiri. Shi ya sa Norwe ta gina wani babban wurin gwaji a Tiller, kusa da birnin Trondheim, inda ake tura mai da gas a bututun gaske ana auna halinsu. Idan yanayin rijiya ya yi nisa da abin da aka taɓa gwadawa, kuskure na ƙaruwa.

Sannan rijiya ba ta zama yadda take. Tana tsufa matsinta na raguwa, ruwan da ke fitowa tare da man na ƙaruwa. Lissafin ranar farko ba zai yi aiki a shekara ta goma sha biyar ba. A ganina, kamfanin da ya ɗauki amsar kwamfuta ya rufe ido, bai riƙa gwada ta da abin da ma'aunan rijiya ke nunawa ba, ya sayi tsada ne kawai.

Me ake yi da amsar?

Da ita ake yanke shawarar kaurin rigar da za ta riƙe zafi, ko a sa bututu cikin wani bututun a cike tsakaninsu da abin hana sanyi. Da ita ake sanin yawan sinadarin metanol ko gilaikol da za a riƙa zubawa don hana ƙanƙara, da girman tankin da zai karɓi gungu mafi girma, da sau nawa za a tura dunƙulen da ke kankare kaki daga ciki. Ita ce kuma ke gaya wa ma'aikacin da ke bakin aiki da tsakar dare ko yana da sauran lokacin gyara, ko ya fara wanke bututun tun bai daskare ba.

Nawa ake kashewa?

Manhajar da ƙwararrunta suna da tsada, amma tsadar ba komai ba ce idan aka auna da asara. An gina jirgin wani filin mai na tekun Najeriya mai suna Egina, wanda ya fara aiki a ƙarshen 2018, don ya fitar da ganga 200,000 a rana. Ku ƙaddara ganga na dala 70: tsayawar yini ɗaya dala miliyan 14 ke nan. A Disambar 2024 Shell ya amince da aikin Bonga ta Arewa, inda za a jawo sababbin rijiyoyi da bututu zuwa tsohon jirgin maimakon gina sabo. Irin wannan tsimin ba ya yiwuwa sai an tabbatar man zai iso da sauran zafinsa.

Wa abin ya shafa a nan arewa?

Bayan kason wata-wata, akwai taki. Da iskar gas ake yin yuriyar da kuke saya a kasuwar Funtuwa ko Dandume, kuma ta bututu gas ɗin ke isa masana'anta. Akwai kuma bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a ƙarshen Yunin 2020. Shi a tudu yake, kuma gas ɗin da zai ɗauka tatacce ne, don haka matsalarsa ba ta kai ta teku ba. Duk da haka gas kan yi sanyi sosai a duk inda aka rage masa matsi, kuma idan da ragowar danshi ƙanƙara na iya kama bakin famfo. A Nijar ma akwai bututun da ke kai ɗanyen man Agadem matatar Damagaram tun 2011, da wanda ya nufi gaɓar tekun Benin. Duk sai da lissafin gudu da zafi.

Aikin nan ba ya buƙatar a haife ka a bakin ruwa. Abin da yake nema lissafi ne da kimiyyar fiziks da iya kwamfuta. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana koyar da injiniyancin sinadarai da na injina, inda ake karanta gudun ruwa da tafiyar zafi, kuma asusun PTDF na gwamnatin tarayya na ba da tallafin karatu a fannonin mai da gas. Idan kuna da yaro ko yarinya mai kan lissafi a sakandare, ku gaya masa akwai irin wannan sana'a, ku kuma tabbatar bai yar da fiziks da kemistiri ba kafin jarrabawar fita.