Ranar da Masu Haɗa Wasannin Waya Suka Yi Wa Kamfanin Unity Bore

Da wuya a samu ɗalibin da ya taɓa riƙe babbar waya a Kurfi ko Dutsin-Ma bai buga Subway Surfers ba, wasan nan na yaron da ke tsere a kan layin dogo, mai gadi da karensa suna biye da shi. Waɗanda suka haɗa wasan ba su ƙera komai daga tushe ba. Da wata manhaja mai suna Unity suka yi aiki, kamar yadda tela ke ɗinki da keken da wani ya ƙera. Among Us da Pokémon Go ma da ita aka yi su.

Ranar 12 ga Satumba, 2023, kamfanin Unity da ke San Francisco a Amurka ya sanar da sabon caji. Daga 1 ga Janairu, 2024, ƙaramin mai haɗa wasa da wasansa ya kawo dala 200,000 a shekara, kuma aka sauke shi sau 200,000, zai riƙa biyan har senti 20 duk lokacin da wani ya ƙara sauke wasan. Ku ɗauka mai keken ɗinki ne ya dawo ya ce wa tela: daga yau, duk wanda ya sa rigar da ka ɗinka sai ka biya ni, har da rigunan da ka riga ka kai kasuwa.

Senti 20 ba wani kuɗi ba ne a ido. Amma yawancin wasannin waya kyauta ake sauke su, ɗan abin da masu su ke samu daga talla yake fitowa. A wannan farashi, mutum miliyan ɗaya su sauke wasanka, bashin dala 200,000 ya hau kanka, ko da rabinsu sun goge shi washegari.

Nan take ƙura ta tashi. Innersloth, masu Among Us, suka fito suka yi tir da tsarin. Wasu kamfanonin wasannin waya suka haɗa baki suka kashe tallan Unity a cikin wasanninsu, don su taɓa aljihun kamfanin. Re-Logic, masu wasan Terraria, suka ba Godot, wata manhajar kyauta mai gogayya da Unity, gudummawar dala 100,000. Abin har ya kai Unity ta rufe ofisoshinta biyu na ɗan lokaci saboda wata barazana.

To a irin wannan rana, wa ke fitowa ya fuskanci jama'a? Shugaban kamfani yakan makara. Akwai wasu ma'aikata da aka ɗauka musamman don zama tsakanin kamfani da masu amfani da kayansa wajen rubuta tasu manhajar. Mu kira su jakadun manhaja. Su ma sun iya rubuta manhaja, amma yawancin aikinsu magana ce da koyarwa: su rubuta bayanin yadda ake amfani da kaya, su shirya bita, su amsa tambayoyi, su tattara koke su kai wa injiniyoyi.

Ku dubi mai unguwa. Idan rijiyar burtsatse ta lalace, shi ake tarewa a ƙofar gida. Ba shi ya haƙa ta ba, ba shi da kuɗin gyara, amma shi zai kai maganar wurin dagaci, ta wuce wurin hakimi, sannan ya dawo da amsa. Mai unguwar da ke kawo umarni daga sama kawai, ba ya kai kukan talakawa, ba a daɗe ba za a daina zuwa ƙofarsa. Haka jakadan manhaja yake, sai dai shi yana da ƙarin tsaka mai wuya: kamfani ke biyansa albashi, amma duk amfaninsa ga kamfanin yana rataye ne da yardar mutanen waje.

Ƙwararru a wannan aiki suna da yadda suke yi idan wuta ta tashi. Da farko su fito da wuri su ce sun ji, ko da ba su da mafita tukuna, domin shiru ne ke ba jita-jita ƙafa. Sai su tace surutun: cikin saƙo dubu na fushi, wataƙila ainihin tambayoyin ba su wuce biyar ba. Su kai biyar ɗin ga masu yanke hukunci, da misalai da lissafi. Abin da ya fi wuya shi ne riƙe baki. Jakadan da ya yi alƙawarin abin da ba a tabbatar masa ba don ya kwantar da hankalin mutane na awa guda, ya sayar da mutuncinsa da araha.

A nan Unity ta yi tuntuɓe. Mutane suka tambaya: idan wani ya goge wasa ya sake saukewa, za a sake caji? Aka ce e. Ba a jima ba aka dawo aka ce a'a, saukewar farko kawai za a ƙirga. Suka tambaya ta yaya kamfanin zai san adadin, kuma yaya za a yi idan ɗan hassada ya sa na'ura ta yi ta sauke wasan wani don ya talauta shi? Amsoshin ba su gamsar da kowa ba. A ganina laifin ba na masu amsa tambayoyin ba ne. An tura su fage da tsarin da ba a gama dafawa ba, kuma wasu ma'aikatan kamfanin sun bayyana cewa sun yi gargaɗi tun kafin sanarwar, ba a saurare su ba.

Ranar 17 ga wata kamfanin ya ba da haƙuri. Ranar 22, Marc Whitten, ɗaya daga cikin manyansa, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa, ya amsa cewa ya kamata su tuntuɓi jama'a tun farko. Aka cire tsofaffin wasanni daga cajin, aka cire duk wasan da bai kawo dala miliyan ɗaya a shekara ba, sauran kuma aka ba su zaɓin biyan kashi 2.5 cikin ɗari na abin da suka samu. Ranar 9 ga Oktoba shugaban kamfanin, John Riccitiello, ya sauka. A Satumban 2024 sabon shugaba, Matt Bromberg, ya soke cajin baki ɗaya. Kafin nan wasu masu haɗa wasa sun riga sun kwashe kayansu sun koma Godot.

Waɗancan sun samu an ji su ne don suna da yawa, sun kuma san ƙofar da za su buga. Mu a nan muna da namu koken da ba kasafai yake isa ba. A Satumban 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Kurfi da Dutsin-Ma, duk manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet ta zama hoto na tsawon makonni. Injiniyan da ke zaune a Legas ko Amurka ba zai kawo wannan a ransa ba sai an gaya masa. Haka ba zai san bambancin ƙasa da kasa ba, ko ɓata da bata, idan manhajarsa ba ta karɓar haruffa masu lanƙwasa.

Wanda ya iya Hausa da Turanci, ya kuma fahimci kwamfuta, shi ya dace da wannan gurbi. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma nan kusa, wadda aka kafa a 2011, ana karanta kimiyyar kwamfuta a cikinta. A Kano da Kaduna kuma ƙungiyoyin sa-kai na masu amfani da kayan Google suna shirya taron DevFest, inda ake haɗuwa da masu irin wannan aiki.

Amma ba sai kun jira jami'a ba kafin ku koyi kai koke yadda za a iya aiki da shi. "Manhajarku ba ta yi" ba ta taimaki kowa ba. A ce Sa'adatu ce ko Mu'azu, wurin rajista ya ƙi karɓar suna saboda ɗan waƙafin da ke tsakiya. Sai a rubuta irin wayar, da lambar sigar manhajar, da abin da aka danna bi da bi, da saƙon da ya fito a allo, a haɗa da hotonsa bayan an rufe lambar waya da duk wani bayanin sirri. A ƙara da cewa idan an cire waƙafin rajistar tana wucewa. Da wannan a hannu, jakada zai iya maimaita matsalar a tasa wayar cikin minti biyu, ya miƙa wa injiniya ainihin wurin da za a gyara.