Jijjiga Ba Taɓun Iska Ba Ce

Mace mai tsohon ciki ta yanke jiki ta faɗi, idanu sun kakkafe, tana taune harshe, kumfa na fita ta baki. A gidaje da yawa, abin da ake fara cewa shi ne mutanen ɓoye ne suka taɓa ta. Sai a hau hayaƙi da ɗura rubutu, kafin a tuna da asibiti lokaci ya ƙure.

Wannan ita ce jijjiga, kuma tushenta hawan jinin masu juna biyu ne, wanda kan bayyana bayan ciki ya haura mako 20. Ta fi kama mai cikin fari, da mai ɗauke da tagwaye, da wadda dama ke da hawan jini. Sau da yawa takan aiko da sanarwa: ciwon kai mai nacin da magani ba ya saukarwa, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannaye, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Abin takaici, kumburin nan wasu ƙiba suke ɗaukarsa, har su ce ciki ya karɓe ta. A wurin awo kuwa, idan jini ya kai 140 bisa 90, aka kuma ga sinadarin furotin a fitsari, ma'aikatan lafiya sun san abin da ke tafe.

Maganin ba mai tsada ba ne. Allura ce, Magnesium Sulphate. Wani babban bincike a ƙasashe 33, da aka wallafa a 2002, ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Amma allurar tsayar da jijjigar take yi. Warakar sai an raba uwa da ciki, ko ta naƙuda ko ta tiyata. Don haka idan likita ya ce a yi aiki, maigida ya sa hannu ba tare da jan ƙafa ba.

In abin ya faru a gida, a kwantar da ita ta gefen hagu. Kada a cusa mata cokali, kada a ɗura mata ko ruwa, don zai iya sarƙe ta ya shiga huhu. Addu'a a yi ta a cikin mota, a kan hanyar asibiti. Kuma a sani, jijjiga kan zo har bayan haihuwa, saboda haka mai jego mai kukan ciwon kai a kai ta a auna jininta.

Magidanta, ku ba iyalanku izinin zuwa asibiti tun yau, ko kuna gida ko kuna kan hanya.