Kamfanonin tallar siyasa a Kano

Kamfanonin tallar siyasa su ne kamfanonin da ɗan takara ko jam'iyya ke ɗauka haya domin su tsara saƙon yaƙin neman zaɓe, su kuma isar da shi ga masu jefa ƙuri'a. Aikinsu ya haɗa da binciken ra'ayin jama'a, da zaɓen taken kamfen, da shirya tallar rediyo da talabijin, da fastoci, da allunan gefen titi, da saƙonnin kafofin sada zumunta. A Kano ba kasafai kamfani guda ke riƙe wannan aiki duka ba. An fi rarraba shi tsakanin mawaƙa, ɗakunan naɗar sauti, maɗaba'u, gidajen rediyo da masana'antu, ciki har da na rukunan Sharaɗa, Challawa da Bompai.

Asalin sana'ar

Ana ɗaukar Campaigns, Inc., wanda Clem Whitaker da Leone Baxter suka kafa a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1933, a matsayin kamfani na farko da ya mai da tsara yaƙin neman zaɓe sana'a. A Ingila, kamfanin Saatchi & Saatchi ya yi suna da tallar da ya shirya wa jam'iyyar masu ra'ayin riƙau gabanin zaɓen 1979, wanda ya kai Margaret Thatcher kan mulki.

A Najeriya an fi jin labarin irin waɗannan kamfanoni a zaɓen 2015. Jam'iyyar APC ta yi aiki da AKPD, kamfanin Amurka da David Axelrod, mashawarcin Barack Obama, ya kafa. StateCraft, wani kamfani na Legas, shi ma ya yi wa Muhammadu Buhari aikin sadarwa a wannan zaɓe.

Tarihinta a Kano

Tallar siyasa a Kano ta girmi kamfanonin. Bayan kafa NEPU a birnin ranar 8 ga Agusta 1950, ita da abokiyar hamayyarta NPC sun dogara ne da lacca a dandali da rubutattun waƙoƙi. Marubuta irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun yi wa NEPU waƙoƙi. Alamar jam'iyya ma talla ce, domin mai jefa ƙuri'a da ba ya karanta boko da ita yake gane ɗan takararsa: tauraro na NEPU, fartanya ta NPC, sannan mabuɗi na PRP a 1979.

Gwamnatin Abubakar Rimi, wadda ta hau mulki a 1979, ta kafa kamfanin jaridar Triumph da gidan talabijin na CTV, wanda yanzu ake kira ARTV. Babban sauyi ya zo ne bayan 1992, lokacin da aka kafa Hukumar Kula da Kafofin Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, aka kuma ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi. Freedom Radio, wanda ke da mazauni a Sharaɗa, ya fara watsa shirye-shirye a 2003. Daga nan sayen fili a rediyo ya zama babbar hanyar kamfen a jihar, shirye-shirye irin su Kowane Gauta kuma suka zama fagen da magoya baya ke baje kolinsu.

Yadda ake raba aikin

Kwamitin yaɗa labarai na ɗan takara ne yakan tsai da saƙon da za a fitar, wani lokaci da shawarar ƙwararru daga Abuja ko Legas. Daga nan sai a raba kwangila.

Waƙa ita ce kan gaba. Mawaƙi ya tsara ta, a naɗe ta a situdiyo, a yanko gajeren baiti domin tallar rediyo, a ɗora cikakkiyarta a motoci masu lasifika da wayoyin hannu. Dauda Kahutu Rarara da Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Ala, suna cikin waɗanda suka yi fice a wannan fage. Laƙabin Abba Gida-Gida, da ake kiran Abba Kabir Yusuf da shi, ta hanyar waƙar kamfen ya bazu a 2019.

Na biyu su ne sojojin baka, wato masu shiga rediyo su kare ubangidansu na siyasa, su kuma caccaki abokan hamayyarsa. Takwarorinsu a Facebook, TikTok da WhatsApp ana ce musu 'yan midiya.

Na uku shi ne kayan da ake gani ko ake riƙewa a hannu: fastoci, allunan talla, riguna, huluna, da atamfa mai hoton ɗan takara wadda mata ke yin anko da ita ranar gangami. A nan ne masana'antu ke shigowa. Bompai, a ƙaramar hukumar Nasarawa, shi ne mafi daɗewa cikin rukunan uku. Challawa tana Kumbotso, an kuma fi saninta da jima da saƙa. Sharaɗa kuwa an kasa ta gida uku. Masana'antun roba da na leda da ke waɗannan wurare suna yin irin bokitai, butoci da buhunan da ake manna wa hoto ko alamar jam'iyya a raba wa jama'a. Durƙushewar masaƙun Kano, saboda ƙarancin wutar lantarki da kwararowar yadi mai arha daga Sin, ta sa yawancin atamfar da ake sayarwa a Kantin Kwari daga waje take zuwa.

Harshen tallar

Saƙon siyasa a Kano ta kunne ya fi shiga, shi ya sa masu tsara shi ke aro daga adabin baka: kirari don koɗa ɗan takara, habaici da zambo don muzanta abokin karawa ba tare da kama suna ba. Kalmar "sai" da suna a bayanta, kamar "Sai Baba", ta isa take guda. Ɗafa-ƙeyar "-iyya", wadda aka sani a sunayen ɗariƙu irin su Ƙadiriyya da Tijjaniyya, ita ce ta haifar da Kwankwasiyya da Gandujiyya, sai ta ba tafiyar siyasa kamannin aƙida. Jar hular Kwankwasiyya kuma talla ce da magoya baya ke yawo da ita a kansu kullum.

Dokoki

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ce a fara kamfen kwana 150 kafin ranar zaɓe, a dakata saura sa'a 24. Ta haramta zagi da kalaman da ke tunzura ƙabilanci ko bambancin addini. Ta kuma ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe: naira biliyan 5 ga mai neman shugaban ƙasa, biliyan 1 ga gwamna, miliyan 100 ga sanata, miliyan 70 ga ɗan majalisar wakilai, miliyan 30 ga ɗan majalisar jiha. Hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, ita ke da alhakin tantance talla kafin a fitar da ita, NBC kuma tana hukunta tashar da ta karya ƙa'ida.

Suka

Babban ƙorafin da ake yi shi ne mai sauraro ba ya sanin wanda ya biya kuɗin saƙon. Idan talla ta fito a matsayin talla, kowa ya san ta ɗan takara ce. Amma idan ta fito daga bakin sojan baka, ko daga shafin da ba a san mai shi ba, sai a ɗauke ta ra'ayin talaka. Rarraba aikin ga ƙananan 'yan kwangila da ƙungiyoyin magoya baya yana kuma wahalar da bin sawun kuɗin da doka ta ƙayyade.

Akwai kuma batun sa hannun baƙi. A 2018 jaridun Guardian da Observer na Ingila suka ruwaito cewa wani attajirin Najeriya ya ɗauki Cambridge Analytica haya don taimaka wa Goodluck Jonathan a zaɓen 2015, har aka yaɗa wani bidiyo mai tsoratar da jama'a game da Buhari. Rahotannin ba su ce Jonathan ya san da aikin ba. Kamfanin ya rufe a wannan shekarar. Gabanin zaɓen 2019, Facebook ya daina karɓar tallar zaɓen Najeriya da aka saya daga ƙasashen waje.