Dillalan da Ba Sa Barci a Kasuwar Kuɗin Kirifto

Duk wanda ya taɓa sayar da Bitcoin da tsakar dare, ya ga ciniki ya faɗa kafin ƙiftawar ido, yakan zaci wani taliki ne irinsa a wata ƙasa ya farka da bukatar da ta dace da tasa. Alhali kuwa galibi abokin cinikin nasa manhajar kwamfuta ce, wadda aka ɗora wa aiki guda, wato ta zauna a kasuwa dare da rana tana tayi, tana sallamawa.

Sana'arta ta ɗan canjin Wapa ce: akwai farashin saye, akwai na sayarwa, riba kuma ita ce 'yar ratar da ke tsakani. Illa iyaka ita takan sauya farashinta sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, tana leƙen kasuwanni barkatai, in ta ga araha a nan ta saya ta kai inda ake tsada, har farashin duniya ya daidaita. Manyan kamfanoni irin su Wintermute na Landan da Jump na Amurka su ne ke sarrafa irin waɗannan. Akwai kuma wani nau'i mai ban al'ajabi, wanda Hayden Adams ya shahara da shi sa'ad da ya kafa kasuwar Uniswap a 2018: jama'a ke zuba kuɗi iri biyu a asusu ɗaya, ƙa'idar lissafi ce kuma ke yanke farashi, ta yadda gwargwadon abin da mai saye ya kwasa daga ɗayansu, gwargwadon tsadar da ragowar za ta yi, masu zubin kuwa ladarsu ɗan kamashon da ake cira daga kowane ciniki.

Fa'idar wannan a fili take, domin ba don su ba, da mai ƙaramin jari sai ya wuni yana jiran mai saye. Amma lalle ne mai karatu ya sani cewa wannan yalwar ciniki ta aro ce, kuma masu ita sukan janye ta daidai lokacin da aka fi bukatarta, tun da an umarci manhajar ta tattara kayanta da zarar ta sansano hatsari, babu kuma alkawari ko kunya da za su tsayar da ita. Ran 21 ga Oktoba 2021, a kasuwar Binance ta Amurka, Bitcoin ya faɗo daga wajen dala 65,000 zuwa 8,200, ya kuma koma nan take, hukumar kasuwar ta ce kuskure ne a manhajar wani babban abokin hulɗarta. Da kamfanin Alameda, ɗaya daga cikin irin waɗannan dillalai, ya rushe tare da kasuwar FTX a Nuwamba 2022, kasuwa ta daɗe ba ta cike giɓin da ya bari ba.

Mas'alar da ta fi muni ita ce abin da fuƙaha'u ke kira najashi, wato ƙara wa haja farashi ba da niyyar saye ba, sai don a ruɗi wani, wanda haramcinsa ya tabbata a hadisi. Manhaja takan sayar wa kanta, ta kuma saya daga kanta sau dubbai, har kuɗin da ba mai nemansa ya zama kamar ana rububinsa. A 2019 kamfanin Bitwise ya shaida wa hukumar hannayen jari ta Amurka cewa kimanin kashi 95 cikin 100 na cinikin Bitcoin da ake bayyanawa na bogi ne. A 2024 kuma hukumar FBI ta ƙirƙiri nata kuɗin kirifto mai suna NexFundAI, ta ɗana tarko da shi, dillalai da dama suka faɗa.

Saboda haka wanda ya yi azamar shiga wannan kasuwa, kada yawan cinikin da allo ya nuna masa ya zama hujjarsa. Ya ƙayyade farashin da ya yarda da shi tun kafin ya danna, kuma kada ya sa kuɗin da ba zai iya jure asararsa ba.