Tsiron Hanci: Ƙwayoyin da Suka Ƙi Mutuwa a Kan Lokaci

Murar hunturu takan wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Amma akwai toshewar hanci da kan zarce mako 12, mutum ya daina jin ƙamshi, ya koma numfashi ta baki, ga minshari da dare. Sau da yawa sanadin wannan shi ne tsiron hanci, wato wata tsoka mai laushi, marar zafi, mai kama da ɓararren inabi, wadda ke lilo daga fatar cikin hanci ko kogunan ƙashin fuska. Masana sun ƙiyasta cewa mutum 1 zuwa 4 cikin 100 na ɗauke da shi. Ba ciwon daji ba ne. Daɗaɗɗen kumburi ne ke haifar da shi.

Domin fahimtar wannan kumburi, sai an san cewa kowace ƙwayar halitta ta jiki tana da ajalinta. Idan aikinta ya ƙare, takan tsuke, ta gutsuttsure cikin ƙananan ƙunshi, wasu ƙwayoyi su haɗiye ta ba tare da an ɓata komai ba. A 1972 ne Kerr da Wyllie da Currie na Jami'ar Abadin a Sikotland suka raɗa wa wannan mutuwa suna afotosis, kalmar Girkanci mai nufin zubar ganye daga itace.

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai iyosinofil, wadda Paul Ehrlich na Jamus ya bayyana a 1879. Tana ɗauke da sinadarai masu dafi domin yaƙi da tsutsotsin ciki, kuma ƙa'idarta ita ce ta mutu cikin 'yan kwanaki. A 1997, Hans-Uwe Simon da abokan aikinsa a Suwizalan suka nuna cewa a cikin tsiron hanci wani sinadari mai suna intalukin-5 yana jinkirta mutuwarta. Sababbi na shigowa, tsofaffi ba su tafi ba, sai su taru. Dafinsu ya raunata fatar hanci, ruwa ya tsattsafo daga jijiyoyin jini, fatar ta kumbura har ta zazzago.

Wasu kuma sukan mutu, amma ta muguwar hanya. Ƙwayar takan fashe, ta watso zaren gadon da ke cikinta kamar raga, wanda ke sa majina ta yi kauri da danƙo. Wani furotin nata kuma ya daskare ya zama 'yan tsinkaye masu kaifi, irin waɗanda Charcot ya gani a 1853, Leyden kuma ya gani a kakin masu asma a 1872. A 2019 masana a Jami'ar Gent ta Beljiyam suka tabbatar cewa tsinkayen da kansu suna rura kumburin.

Wannan sani ya haskaka hanyar magani. Maganin feshi na sitirod yana rage kumburi, yana kuma gaggauta ajalin iyosinofil. Idan bai wadatar ba, likitan kunne da hanci da maƙogwaro kan cire tsiron ta tiyata, sai dai yakan dawo idan ba a ci gaba da feshi ba, domin wuƙa ba ta taɓa tushen kumburin. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar mepolizumab, wadda ke ɗaure intalukin-5, ko da yake tana da tsada ainun.

Saboda haka, ɗalibin da toshewar hancinsa ta kai wata 3 a kai shi asibiti, kada a sa masa tsinke ko wani ƙarfe. Mai tsiron hanci da asma ya yi hattara da asfirin, domin yana iya tayar masa da mummunan numfashi. Tsiron da ya fito a hanci ɗaya kawai, musamman in yana jini, likita ya duba shi da gaggawa, domin mai yiwuwa wata cuta ce daban.