Bashin Karatu: Wa Zai Taimaki Malamin Ƙauye?

Wani dattijo manomin shinkafa a ƙasar Tudun Wada ya tare mu bayan sujada ran Lahadi. 'Yarsa ta sami shiga jami'a a Kano, an kuwa ce mata ta nemi rancen gwamnati. Ya ce, "In ta gama ta komo garinmu koyarwa, za a yafe mata?" Da yake iyaye da yawa a Kiru, da Bebeji, da Doguwa suna da wannan tambaya, muka ga ya kamata mu amsa a nan.

A watan Afrilu 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar rancen ɗalibai, hukumar NELFUND ce ke riƙe da asusun. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ba a kuma ɗora ruwa. Da aka soma, wanda ya nemi kuɗin guzuri ana ba shi Naira 20,000 a wata. Biya yakan fara shekara 2 bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Dokar ta yafe bashin wanda ya rasu, amma ba ta yafe wa mutum don ya yi aikin koyarwa ko na asibiti a ƙauye ba. Amsar da muka ba dattijon ke nan.

Bari mu yi lissafi. A ce yarinya ta karɓi guzuri wata 40, ya zama Naira 800,000, ban da kuɗin makaranta. In albashinta Naira 100,000 ne, za a riƙa cire 10,000 kowane wata. Wata 80 ke nan, wato kusan shekara 7. Ashe ba abin mamaki ba ne in ta fi son aikin birni mai albashi mai tsoka, makarantar ƙauyenmu kuwa ta zauna ba malama.

A Amurka an yi doka a 2007 saboda wannan damuwa. Wanda ya yi wa gwamnati aiki, ko wata ƙungiyar taimakon jama'a, ya kuma biya sau 120, wato shekara 10, sai a yafe masa sauran. Mu ma muna da irin tamu dabarar a dā. Lokacin da aka soma ilimin firamare kyauta a 1976, gwamnati ta ɗauki nauyin ɗaliban kwalejojin horon malamai, har da abinci, su kuma suka biya da koyarwa. Yawancin tsofaffin malamanmu ta wannan ƙofa suka shigo.

To, me za mu yi? Da fari, mu koya wa 'ya'yanmu cewa rance ba kyauta ba ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma mai bi yakan biya nasa, gama ƙannensa na baya suna jiran kuɗin nan. Na biyu, mu roƙi wakilanmu a Majalisar Tarayya su gyara dokar, domin a rage wa masu aiki a karkara. Na uku, kada mu zauna jiran Abuja. A Maimaitawar Shari'a sura 15 Allah ya umarci mutanensa su yafe wa juna bashi kowace shekara ta 7. Ikilisiyar da ta tara buhunan shinkafa kaɗan da kaka tana iya ɗauke wa malama ɗaya biyan shekara guda.

Dattawan ikilisiya, da Zumuntar Mata, ku tattauna wannan magana a taronku na gaba. Ku rubuto mana abin da kuka shirya.